Warkin Bature

Jikata ce ta tono mini abin da na binne tun ina da haƙora. Rannan ta dawo daga kasuwa da ƙunshi a hammata, tana ta rawar kai, wai ta yi tsintuwa a wajen 'yan gwanjo, masu kwance dilar tsofaffin tufafin Turawa a bakin titi. Ta shiga ɗaki ta fito, sai ga ta a gabana cikin wata riga mai matse ƙirji da zare sarƙe a gaba, ƙasanta ya baje kamar lema, da farar 'yar ciki mai kumburarrun hannuwa, da wani shuɗin ƙyalle da ake ɗaurawa a ƙugu ya sauko ta gaba. Ta juya, ta sake juyawa, ta ce, "Kaka, yaya kika gani? Na fito?" Carbin hannuna ya tsaya cak. Idona ya dushe, 'ya'yan cikina ma sai sun yi magana nake bambance su, amma wannan rigar na gane ta kamar yadda ake gane muryar wanda ya rasu in ya zo a mafarki.

Garinmu Lafiya da na buɗe ido a cikinsa ba wannan ba ne na ƙarar babur da rediyo. Abin da ke tashe mu shi ne amon taɓarya daga gida zuwa gida, sai ka ce matan gari na gaisawa da turame, sai kukan jakunan fatake da suka sauka a zango da gishirin Keana, sai bugun masu bugu a bakin marina, wanda in ka saba da shi har bugun zuciyarka yakan bi sawunsa. Mu 'yan mata mu ɗauki tuluna mu gangara rafi, mu dawo zannuwanmu a jiƙe muna dariyar abin da bai kai a yi dariya ba. Da hantsi mu surfa dawa, mu tsince riɗi, mu kai abinci gona. In ruwan damina ya wanke sama, mukan hango duwatsun Eggon can arewa, shuɗaye kamar an tsoma su a ruwan baba na marina, ni kuwa in tsaya da tulu a ka ina kallonsu, ina raya wa kaina cewa bayansu akwai wata ƙasa inda kowa ke auren wanda yake so. Inna takan ce, "Wannan yarinya, jikinta ne kawai a gidan nan."

Gidanmu gidan allura ne. Kakanninmu daga gabas suka zo, daga ƙasar Barno, kuma ba a bari mu manta da haka ko da yini guda. Babana da yayansa, wanda muke kira Baba Babba, su ne masu yi wa manyan gari aikin wuyan riga. A zaure suke zama, ƙyalle bisa gwiwa, zare a baki. A wancan zamani tufa ita ke yin sallama kafin mutum ya buɗe baki. Mai babbar riga an san shi, mai taguwa an san shi, mai bante an san shi. Can ƙasa da kowa kuma sai mai warki, wato fatar akuya da ake ɗaurawa a ƙugu ta rufe mazaunai. Ita ce tufar bayi da waɗanda aka kamo daga dutse. Turawan mulki sun yi shela cewa ba sauran bauta, amma bakin mutane bai ji wannan shelar ba. Yau ina zaune a ƙofar gida in ga ɗan babban ma'aikaci ya wuce da gajeren wando zai je ƙwallo, kowa na yi masa sannu. A lokacinmu gwiwar namiji a waje magana ce da takan bi shi har kabari.

Ana nan sai wani Bature ya kafa rumfar awo a bayan ganuwa, ta hanyar Obi, yana sayen riɗi ana kai masa bakin kogi. Ba irin Turawan mulki ba ne, harshensa ma daban, shi ya sa aka sa masa Mai Riɗi. Jajaye ne shi da matarsa, masu yawan gumi da yawan dariya. Ni nake kai tallan dafaffiyar doya da yaji wajen manoman da ke jiran awo, a nan matar, wadda muke kira Uwargida, ta ɗauke ni kamar 'ya, don Allah bai ba ta haihuwa ba. Takan zaunar da ni a inuwa ta nuna mini hoton garinsu: duwatsu masu fararen kawuna, wai ruwan sama ne ya daskare a kansu kamar gishiri, da shanu masu ƙararrawa a wuya, da gidajen katako. Ranar hutunsu sukan sa tufafin ƙasarsu su zauna a ƙofar rumfa. Ita ta sa irin wannan riga da jikata ta tsinto. Shi kuma ya sa gajeren wando na fatar barewar dutse, baƙi-baƙi mai sheƙin tsufa, da maɓallan ƙaho, da maɗaurai biyu da suka hau kafaɗa, da wani a gicciye bisa ƙirji wanda aka yi wa aikin farin fure mai kama da tauraro. A kansa koriyar hula da gemun akuyar dutse tsaye a gefe. Mutane su wuce su rusuna su ce, "Ranka ya daɗe." Ban taɓa ganin wanda ya ko murmusa ba.

Mai riƙe masa ma'auni shi ne Dogo. Ba sunansa ke nan ba, amma sunan nasa ba zai fito daga bakina ba ko yanzu da ba sauran mai jin kunyarsa. Baƙi ne siriri, mai wushirya, idanunsa kamar an ɗiga musu tozali tun daga ciki. In ya yi magana a hankali yake yi, kamar mai tsoron kada kalma ta fashe a hannunsa. Uwarsa daga dutse aka kamo ta tana yarinya, ta yi bauta a wani gida, aka 'yanta ta, ta koma sayar da daddawa a bakin kasuwa. Ubansa ya rasu da warki a ƙugu. Shi kuwa Dogo a Lafiya aka haife shi, ya yi karatun allo, bai taɓa fashin sallah ba, ya tara abin da ya sayi taguwa da hula. Duk ransa yana kan abu guda, a daina tuna masa inda uwarsa ta fito. Da ya fara sayen doyata ba ya ci, sai ya riƙe ta a hannu har ta huce yana kallona. Na ce masa, "Malam, doyar ba ta kallo ba ce." Ya ce, "Ai ba ita nake kallo ba, ita shaida ce kawai." Daga ranar na daina jin nauyin tulu.

Babana mutum ne mai taushin zuciya. Da wani dattijon malami ya zo masa da maganar Dogo, bai ƙi ba. Ya ce yaro ne mai sallah da sana'a, amma ba shi ke bayarwa ba, Baba Babba ne uban gida. Aka yi ta kai da kawowa har Baba Babba ya ce, "To, ya zo ya gaishe ni ranar Juma'a bayan an sauko masallaci. Ya zo cikin tufar mutunci, mu gani ko ya san ta." Aurena da Dogo a kan wannan gaisuwa ya rataya, kowa a gida ya sani. Babana ma ya aika masa a ɓoye cewa akwai riga in yana so a ara masa.

A cikin kwanakin ne labari ya zo cewa Turawa sun kama yaƙi a tsakaninsu can ƙasarsu, kuma Mai Riɗi ɗan ɗaya ɓangaren ne. Aka turo dogarai da 'yan sanda su raka shi da matarsa bakin kogi. Na je da tallata na tarar ana ɗaure kaya. Uwargida ta ja ni ɗaki tana kuka, ta sa mini rigarta da hannunta, ta ja zaren ƙirji har numfashina ya ɗauke, ta ɗaura mini ƙyallen gaba, ta yi ƙullin a hagu. Da 'yar Hausarta ta fahimtar da ni cewa a garinsu ƙullin hagu na budurwa ne, na dama na matar aure, na baya kuwa na wadda mijinta ya mutu. Ta ce ranar da Dogo ya kai ni ɗakinsa, shi zai mayar da ƙullin dama. Da muka fito, Mai Riɗi na tsaye da wandon fatar da hular a hannu, gemunsa jiƙe da hawaye. Ya ɗora su a hannun Dogo ya ce, "Dogo, wannan wando, kaka na ya sa. Baba na ya sa. Ni ya sa, ranar ni tafi roƙo mata na. Ni ba yaro. Kai ne yaro na. A ƙasa namu, mutum mai wannan wando, gona nasa, saniya nasa, ba ya durƙusa ma kowa sai Allah. Fata nan ba ya mutu. Kai mutu, yaro naka sa." Dogo ya rungume kayan a ƙirji kamar jariri. Ba namijin da ya taɓa ce masa ɗa tun rasuwar ubansa, balle a ba shi gado.

Na biya ta rumfar uwarsa da yamma na tarar ya shimfiɗa mata kayan a tabarma. Tsohuwar ta ɗauki wandon, ba ta dubi fure ba, ba ta dubi maɓalli ba, hanci ta kai. Sai ta ajiye shi a hankali ta goge hannu a zane.

"Yaro na, wannan fata ne."

"Iya, fatar barewar dutse ce, ta ƙasar Turawa. Dubi ɗinki. Ko a gidan su yarinyar nan ba a fi haka."

"Fata fata ne. Baban ka ya mutu da shi. Karɓi rigan da baban yarinya ya ce."

"In je neman aure da rigar surukina a wuya? Ai ke kika ce zanen aro ba ya rufe katara. Wannan nawa ne, Iya. Gadona ne. Kuma Mai Riɗi ya sa shi a garin nan, hakimai sun gaishe shi a ciki."

Ya juyo gare ni, idonsa na ƙyalli, ya ce, "Ranar da aka kawo ki, ke ki sa taki, ni in sa nawa, mu zauna a ƙofa kamar su." Na sunkuyar da kai ina murmushi. Ni ma abin da nake gani ke nan. Na ɓoye rigata a ƙasan tukunyar Inna, in ba kowa in fito da ita in sa, in leƙa fuskata a ruwan randa.

Juma'ar ta zo da rana mai kyau. Mu mata muna bayan zaure, inda katanga ta tsage, Gwaggo, yayar su Baba, ta kame wuri mafi kyau. Kafin mu ga Dogo muka ji shi, wato muka ji yaran da ke biye da shi. Ya yi sallar Juma'a da taguwarsa, ya koma gida ya sauya, ya ratso tsakiyar gari a daidai lokacin da kowa ke kan hanya cikin farar riga. Ya shafa wa wandon man shanu har yana ɗaukar ido, ya sa farar 'yar shara a ciki, furen nan na zaune bisa ƙirjinsa, gemun hula na rawa. Wallahi ya yi kyau. Na faɗa a lokacin a zuciyata, ina kuma faɗa yanzu da bakina. Tafe yake kansa a sama, kamar mutumin da ke da gona da saniya.

Ya yi sallama ya durƙusa a bakin zaure. Zauren cike yake da dattawan da suka biyo Baba Babba daga masallaci. Ba wanda ya amsa. Baba Babba ya gama zura zare a allura tukuna, sannan ya ce, "Wa ke sallama?"

"Ni ne, Baba."

"Na ji murya, amma ban ga mutum ba. Gwiwoyi nake gani. Yaro, fashi aka yi maka a hanya?"

"A'a, Baba."

"To ina sauran wandon?"

Dariya ta fashe a zaure, ta tsallaka waje wurin yara. Dogo ya ce, "Baba, tufar ƙasar Mai Riɗi ce. A wajensu ita ce ta 'ya'ya, masu gonar kansu. Da ita ake zuwa neman aure. Shi ya bar mini gado."

"A wajensu. To ai sai ka bi shi can ka nema."

"Baba, ya sa ta a garin nan, ba wanda ya yi dariya."

"Mun yi, yaro. A cikin ɗaki muka yi. Shi fatarsa ta jiki ce ta rufa wa ta ƙugunsa asiri. Kai me zai rufa maka?"

Babana ya miƙa hannu ya taɓa maɗaurin ƙirjin, ya dubi furen kusa da ido, ya ce ƙasa-ƙasa, "Yaya, hannun da ya yi wannan ya san allura." Baba Babba bai ko dube shi ba, ya ce, "An tambaye ka?" Babana ya janye hannunsa ya sa a cikin riga, bai ƙara fito da shi ba.

Sai Baba Babba ya ɗaga murya, "Barka!" Barka tsohon bawan gidanmu ne, an 'yanta shi amma ba shi da inda za shi, yana kwana wajen jakuna. Ya zo yana dogara sanda. Aka ce masa, "Ɗauko mana tufarka ta da." Tsohon ya tsaya yana kallon ƙasa, aka maimaita masa. Ya je ya dawo da wani busasshen warki da ɓera ya ci gefensa. Aka shimfiɗa shi a gaban Dogo.

"Ɗauka ka sunsuna." Dogo ya ɗauka ya sunsuna. "To sunsuna naka." Ya sunkuya ya sunsuna cinyarsa, a gaban dattawan gari. "Wanne ne na Baturen?" Daga bayan katanga Gwaggo ta saki murya yadda har na kan titi za su ji, "Ayyururui! Ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe! An ba shi riga ya ƙi, jini ya kira fatarsa!" Na kama bakin zanenta na ce, "Gwaggo, don Allah." Ta make hannuna ta ce, "Buɗe ido ki kalli mijinki, 'yar nema."

Na ɗauka an gama, ashe da saura. Baba Babba ya gyara zama ya yi magana da taushi, irin muryar da yake yi wa mabarata. Ya ce, "Jama'a, yau Juma'a. Ba a shigo gidan nan tsirara a fita tsirara ba, ba a gaje mu da haka ba. A suturta bawan Allah." Aka ɗauko wata tsohuwar taguwa da ake shimfiɗa wa jaki a ƙarƙashin kaya, duk gashi da tabon gumi. Samarin gidanmu suka zura masa ita ta ka, suka ɓalle maɗauran, suka sa shi ya zare wandon a nan inda yake, a bakin zaure. Hular ta faɗi, wani yaro ya sure ta. Dogo ya miƙe zai tafi, Baba Babba ya ce, "Ba a koya maka godiya ba?" Ya ce, "Na gode, Baba." Aka ce, "Madalla. Gaida uwarka." Haka ya koma ta hanyar da ya zo, ta tsakiyar gari. Barka kaɗai ne bai yi dariya ba. Ya naɗe warkinsa ya koma wajen jakuna, yini biyu bai ci abinci ba.

Kafin rana ta faɗi maganar aure ta mutu, kafin Juma'a ta zagayo waƙa ta fito. A bakin turmi na fara jin ta, daga bakin ƙawayen da muke zuwa rafi tare:

Dogo, Dogo mai warki,
Bature ya tafi ya bar ka da aiki,
Ka zo neman 'yar masu riga,
An sallame ka da tsumman jaki.

Taɓarya na sauka a kan kowace gaɓa. Gidan da ka wuce ita ake yi. Aka daina sayen daddawar uwarsa, wai tana warin fata. Gwaggo ta binciko rigata a ƙasan tukunya, ta ba yaran gida suka kai gonarmu ta hanyar Ashige, suka sa wa mutum-mutumin korar tsuntsaye, suka kifa masa koriyar hular. Da na kai abinci gona na ga rigar tsaye a tsakiyar dawa, hannuwa a buɗe, iska na kumbura ta kamar akwai mace a ciki. Yaran ba su san komai ba, yadda ya zo musu suka ɗaura ƙyallen. A baya suka yi ƙullin.

Wandon kuwa Gwaggo ta ce asara ce a yar da fata mai kyau haka. Ta kai wa baduku ya farke shi, ya haɗa, ya yi masa baki da kara, ya zama guga. Da gangan ta sa aka ɗinka maɗaurin nan mai fure a gefensa. Rijiyarmu a ƙofar gida take, ta kan hanya, kuma daga ranar aka ce ni ce mai jan ruwa. Kowace safiya in zura shi cikin duhu, in ji ya taɓa ruwa, in jawo, farin furen ya fara fitowa yana ɗiga kamar mai kuka. Gwaggo na zaune a dakali tana cin goro, takan ce, "Ja da kyau, kada ki ji wa surukinmu ciwo."

Da kaka ta yi, wata safiya ina bakin rijiya sai ga shi tafe da uwarsa, ita da ƙunshi a ka, shi da tabarma da sanda. Barin gari za su yi, kuma hanyar arewa ta ƙofarmu ta bi. Ya rame har wushiryarsa ta yi masa yawa. Ya so ya wuce kansa a ƙasa, Gwaggo ta ce, "Af, baƙo ba sallama? Ke, ba a hana matafiyi ruwa. Jawo masa." Na zura gugan, na jawo, na ɗora a bakin rijiya. Ba moɗa a kusa, Gwaggo ta riga ta sa ƙafa a kanta. Dogo ya dubi gugan. Ya daɗe yana duban furen. Uwarsa ta ce, "Mu tafi, yaro na, akwai rafi a gaba." Bai ji ta ba. Ya durƙusa, ya kama gugan da hannu biyu yadda ya karɓe shi ran farko, ya kafa baki ya sha, ya sha, har ruwa na bin wuyansa. Ya shafa furen da babban yatsa, ya ɗago ya dube ni, ya yi ɗan murmushin nan nasa. Ya ce, "To, alhamdu lillahi. Ko ba komai shi ya samu shiga gidanku."

Ban sake ganinsa ba. Wasu sun ce ya kai uwarsa dutse, dangin nata suka ƙi shi, don yana sallah kuma ba ya jin harshensu. Wasu sun ce an gan shi cikin masu haƙar kuza, wasu cikin masu fasa dutsen hanyar jirgi, wai tari ya kama shi a can. Ba wanda ya zo da magana guda. Rigar gona damina ɗaya ta cinye ta, hular gara ta gama da ita. Amma Mai Riɗi bai yi ƙarya ba, fatar nan ba ta mutuwa. Da na yi aure daga baya, wurin wani mutumin kirki da ba ni da abin faɗa a kansa sai alheri, Gwaggo ta tura gugan cikin kayan ɗakina, ta ce amarya ba ta tafiya ba guga. Na sauya masa igiya ban san iyaka ba. Da ruwansa na yi wankan jego, da ruwansa na yaye 'ya'yana. Da aka zo wankan gawar Gwaggo, gugan gidan ya yage, aka aiko a ari nawa. Na bayar. Baba Babba ya tafi, babana ya tafi, masu waƙar suka tsufa suka manta sun taɓa yin ta, shi yana nan. Sai wata rana igiya ta tsinke ya tafi ƙasan rijiyar gidan mijina, aka yi ta zura ƙugiya bai kamu ba. Bayan shekaru aka cike rijiyar aka shimfiɗa kwalta a kai. Yana can ƙarƙashin inda babura ke wucewa, kuma na san ko yau aka tona za a tarar da furen.

Yanzu zauren allura ya zama shagon mai keken ɗinki, ba mai sunsuna tufar wani. Yaron da ke neman jikar nan tawa da gajeren wando yake zuwa a kan babur, ya tsaya a ƙofa yana danna ƙaho, ban ji wanda ya tambayi daga wane dutse aka kamo kakarsa ba. Ina murna da haka, Allah ya sani. Sai dai murnar ba cikakkiya ba ce, don abin da aka kashe mutum a kansa da ransa, ga shi yau a dilar gwanjo, ana ɗagawa ana cewa a zo a zaɓa.

Jikata ta gaji da shiruna ta ce, "Kaka, ba ki ce komai ba. Ko bai yi ba ne?" Na ce ta matso. Na laluba ƙugunta, na tarar ta yi ƙullin a baya, yadda ya zo mata. Na kwance shi da yatsun nan da ba sa jin magana, na dawo da shi hagu, na ɗaure tam. Ta ce, "Mene ne bambancin?" Na ce, "Bar shi a nan har sai wanda kike so ya mayar da shi dama da hannunsa. Kada ki yarda kowa ya ɗaura miki a baya." Ta yi dariya ta ce tsufa ya fara taɓa ni, ta tafi nuna wa ƙawayenta. Na kira ƙaninta na ce ya kawo mini ruwa. Ya tara a famfo ya kawo cikin kofin roba, ruwa garau, ba abin da ya taɓa shi. Na kai baki, na ji warin fata.